Kamun kifi daga gaɓar teku mai tsakuwa

Kamun kifi daga gaɓar tsakuwa wani reshe ne na kamun kifi da sanda da ƙugiya, inda masunci ke tsayawa a bakin teku ya jefa zarensa cikin ruwa, ba tare da ya shiga jirgi ba. Gaɓar da ake nufi ita ce wadda ruwa ya tara duwatsu masu sulɓi a kanta maimakon yashi, girmansu daga milimita 2 zuwa 200. Irin wannan gaɓa ba ta da yawa a duniya. An fi saninta a kudanci da gabashin Ingila, da arewacin Faransa, da wasu sassan Niyu Zilan.

Yanayin gaɓar

Tsakuwa na shanye ruwa da sauri. Igiyar ruwa kan turo duwatsu sama da ƙarfi, amma kafin ta koma wani ɓangare na ruwan ya nutse tsakanin duwatsun, don haka ba ta iya janye duk abin da ta kawo. Wannan ne ya sa gaɓar tsakuwa ke da gangare sosai, kuma zurfi na kusa da ƙafar mutum. A gaɓar yashi mai shimfiɗa sai an yi jifa mai nisa kafin a kai inda kifi yake, a nan kuwa kifi na iya kiwo a 'yan mitoci kaɗan daga inda tsakuwa ta ƙare, musamman a kwarin da ke gindin gangaren, inda ruwa ke tara tsutsa da kaguwa da ƙananan kifaye. Sabon shiga yakan ƙure ƙarfinsa wajen jifa, koton nasa, wato abincin da ya sa wa ƙugiya, ya wuce kan kifin da ke gabansa.

Mafi shahara a Ingila ita ce gaɓar Chesil a yankin Dorset, mai tsawon kusan kilomita 29, daga West Bay zuwa tsibirin Portland. Duwatsunta ƙanana ne kamar ƙwayar wake a yamma, suna ƙara girma har su kai dunƙulen hannu a wajen Portland. Ana cewa masuntan da suka sauka cikin dare a dā, da sun dumbuzo tsakuwa a hannu sun san inda suke. Akwai kuma Dungeness a yankin Kent, inda a shekarun 1960 Leslie Moncrieff ya yi suna da jifa mai nisa da kamun kifin kod, har mutane da yawa suka kama wannan harka saboda shi.

Cikowa da janyewar ruwa

Wannan shi ne ginshiƙin abin. Jan da wata da rana ke yi wa teku na sa ruwa ya ciko ya janye sau biyu a yini a mafi yawan gaɓoɓi, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25. Saboda haka lokacin cikar yakan jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. Idan wata ya tsaya, ko ya cika a daren sha huɗu, ruwa kan hau sosai ya kuma janye sosai, gudunsa ya ƙaru. A tsakanin waɗannan lokuta biyu, motsin ruwan kan yi sanyi.

Ruwa ba ya hawa da gudu ɗaya. Masu jirgi na da wani lissafi na kusan-kusa: a raba hawan gida 12, a awar farko kashi 1 ke hawa, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu 3 kowacce, sannan 2, sannan 1. Ma'ana rabin ruwan na zuwa ne a awa biyun tsakiya. A nan ne jakar wanda ya shagala ke jiƙewa, kuma a nan ne darmar da ake ɗaura wa zare don ya nutse ke kasa zama a ƙasa idan ba ta da nauyi.

Kifi ya fi cin koto idan ruwa na tafiya, domin motsin ne ke tono masa abinci ya kuma kai masa ƙamshin koton. Masunta da yawa sun fi son awa biyu ko uku kafin cika da ɗan abin da ya biyo baya, amma wannan ba doka ba ce. Kowace gaɓa da halinta, har akwai wuraren da sai ruwa ya janye ƙarshe suke bayarwa. Idan cikar ta dace da faɗuwar rana ko duhun dare, kifi kan matso kusa ƙwarai. Haka ma bayan iska mai ƙarfi ta kwanta, lokacin da ruwa ya ɗan gurɓace.

Kayan aiki

Sandar da ake amfani da ita doguwa ce, daga mita 3.6 zuwa kusan 4.8, da faifan naɗe zare. Darmar da ake ɗaurawa takan kai giram 110 zuwa 170, kuma wadda aka fi so tana da ƙafafun waya da ke kafewa a ƙasan teku, su ɓalle baya idan an ja da ƙarfi. Tun da jifa da irin wannan nauyi na iya tsinka zare siriri, ana ƙulla wani zare mai kauri a gaba, tsawonsa ya ɗan fi ninki biyu na sanda. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce wannan zaren ya iya jure nauyin laba 10 ga kowace oza (kusan giram 28) ta darma. Ba ado ba ne: darmar da ta tsinke a tsakiyar jifa na iya kashe mutum. Sandar kuma a kan mariƙi mai ƙafa uku ake jingine ta, don ƙarfen da ake cakawa a yashi ba ya tsayawa da kyau cikin duwatsu.

Koto, wato abincin da ake sa wa ƙugiya, yawanci tsutsar teku ce, ko kaguwar da ke shirin saɓa ɓawo, ko yankan kifi. Mai laushi ana naɗe shi da siririn zaren roba don kada ya zube a iska. Daga nan sai jira da kallon bakin sanda. Ƙananan kifaye kan sa shi rawa kawai. Babban kifi kuwa yakan lanƙwasa shi, ko ya tumɓuke darmar, zaren ya saki gaba ɗaya, abin da wanda bai sani ba zai ɗauka tsinkewa ce.

Kifayen da ake samu

A gaɓar Ingila, kod da waitin na hunturu ne, makarel kuma na lokacin zafi, ana kama shi da jerin ƙugiyoyi masu gashin tsuntsu ba tare da koto ba. Ana samun bas da kifaye masu faɗi da ƙananan jinsin shak. A Ingila ba a neman lasisin sanda don kifin teku, in ban da samon da danginsa, amma akwai iyakar girma: bas da bai kai santimita 42 ba dole a mayar da shi ruwa.

Haɗari

Gangaren da ke kawo kifi kusa shi ne kuma ke cin mutane. Igiya kan fashe daidai bakin gaɓa, kuma idan tana komawa tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa, mutum ya rasa abin takawa. An fi faɗawa wannan lokacin fito da kifi, sa'ad da masunci ya sauka don ya kamo shi. Ƙwararru kan tsaya a sama, su jira igiya ta ɗago kifin, su ja shi tare da ita, su riƙe zaren ba tare da fisga ba idan ruwan na komawa, har wata igiyar ta zo. Akwai kuma wani ƙaramin kifi da ake kira wiba, mai ƙaya mai dafi a bayansa, wanda kan kama ƙugiya a lokacin zafi. Idan ƙayar ta soki mutum, ana tsoma wurin cikin ruwa mai zafi gwargwadon abin da fata za ta iya jurewa, domin zafi na rage ƙarfin dafin.