Taswirar bango ce ke ruɗa mu, wuraren can arewa ba su da nisan da muke zato

Jiya a teburin mai shayi a Agege wani ƙanena ya buɗo taswira a waya, ya ɗora yatsa kan Tromso a Norway ya ja har tsibiran Svalbard, ya ce wallahi yaya wannan tafiyar sai jirgi ya wuni a sama. Na ce masa a'a, kuma abin na damuna don tun muna firamare aka dasa mana wannan kuskuren.

Daga Tromso zuwa filin jirgin Longyearbyen da ke Svalbard kilomita 950 ne da 'yan kai, jirgi na yin awa ɗaya da minti 40 haka, kusan kamar ka tashi daga Ikeja ka sauka Kano, wanda shi ma ya haura kilomita 800.

To me ya kawo ruɗun? Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo, in ka ɓare bawon ka ce sai ya kwanta shimfiɗe dole ka ja sama da ƙasa su buɗe, haka taswirar Mercator ta 1569, irin wadda muka saba gani a bango, ta yi, iya matsawarka arewa iya kumburar da wuri ke yi a ido, shi ya sa tsibirin Greenland ke fitowa kamar ya kai Afirka alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

Shi ma layin nan mai lanƙwasa da ake gani a allon cikin jirgi ba zagaye direba ke yi ba, ita ce hanya mafi kusa. Na sayi lemo ɗaya a gefe, na ja masa zare a kai ya gani da idonsa.