Waiwaye: Biyayya ga jam'iyya da ƙarfin firaministan Birtaniya

A Birtaniya jama'a ba sa zaɓen firaminista kai tsaye. Yana zama a kan kujera ne muddin mafi rinjayen wakilai 650 na majalisar dokoki suna bayansa, don haka ƙarfinsa aro ne daga biyayyar 'yan jam'iyyarsa. Masu tsawatarwa, wato jami'an jam'iyya da ke kula da yadda wakilanta ke kaɗa ƙuri'a a majalisa, su ne ke gadin wannan biyayya. Kowane mako suna aika wa wakilai takardar ayyukan da ke tafe, kuma duk ƙudurin da aka ja wa layi uku a ƙasansa, wajibi ne kowa ya halarta ya kaɗa ƙuri'a yadda shugabanni suka umarta. Ganin yadda gwamnati mai rinjaye ke cin karenta babu babbaka ne ya sa ɗan siyasar ƙasar, Lord Hailsham, ya kira tsarin a 1976 da kama-karya ta hanyar zaɓe.

Sai dai igiyar takan tsinke, kuma galibi daga cikin gida. A 1846 Firaminista Robert Peel ya soke dokokin harajin hatsi, jam'iyyarsa ta dare gida biyu. A watan Mayun 1940 Firaminista Neville Chamberlain ya ci ƙuri'a a majalisa, amma rinjayensa ya sauko zuwa 81, kwana biyu bayan haka ya sauka. Margaret Thatcher, wadda ta ci zaɓe sau uku, 'yan jam'iyyarta ne suka yi mata ritaya a 1990. Rabon da 'yan adawa su kayar da gwamnati da ƙuri'ar rashin amincewa kuwa tun 1979, lokacin da Firaminista James Callaghan ya faɗi da bambancin ƙuri'a ɗaya tak.

Rikicin ficewa daga Tarayyar Turai ya kai lamarin maƙura. A Satumban 2019 Boris Johnson ya kori wakilai 21 daga sahun jam'iyyarsa a majalisa saboda sun ƙi amincewa a fice ba tare da yarjejeniya ba, har da tsohon ministan kuɗi Kenneth Clarke da Nicholas Soames, jikan Winston Churchill. A ganina wannan mataki ya yi wa majalisa illa, domin aikinta shi ne sa ido kan gwamnati ko da ta jam'iyyarta ce. A wannan watan na Satumba kuma alƙalai 11 na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya cewa dakatar da zaman majalisa da Johnson ya yi ya saɓa wa doka. Ya ci zaɓen Disamba da rinjayen kujeru 80, amma a Yulin 2022 sama da mutum 50 suka ajiye muƙamansu a gwamnatinsa cikin kwana biyu, shi ma dole ya bi sahu.