Ku waiwayi na baya, ƴan gudun gulbi

Tun shigowar sanyi nake ganinku da asuba idan na fito zuwa aiki: samari goma, goma sha biyar, ƴan fada ɗaya, wato majalisar hira da shan shayi, kun bar kwalta kun gangara gulbin Maraɗi kuna gudu cikin rairayi, ku haye gaɓa, ku sake gangarawa. Abin yana yi mini daɗi. Mu ma'aikatan lafiya da muke wuni muna awon hawan jini da ciwon suga, ba abin da ya fi mana irin mu ga matashi ya bar tabarma da butar shayi ya motsa jiki. Sai dai akwai magana, ƙannena, kuma gara ku ji ta tun bazara ba ta kama ba.

Na san inda kuka ga abin. A salula kuke kallon masu gudun tsaunuka, irin waɗanda ke zagaye dutsen Mon Bulan na Turai, tafiyar kilomita wajen 170. Mu a Maraɗi ba mu da tsauni. Mai son dutse na gaske sai ya nufi Abzin, inda ƙololuwar Bagazan ta kai mita 2022. Can sanyi ne abin tsoro, don duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da maki shida ko fiye. A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, iska da ƙanƙara sun rutsa da masu tseren kilomita 100 a kan dutse, mutum 21 suka rasu, cikinsu har da ƙwararru. Namu tsaunin shi ne rana da rairayi, kuma shi ma yana kisa.

A wata bazara an kawo mana wani yaro a kan amalanke, shekarunsa ba su wuce ashirin ba. Abokansa huɗu ne suka rako shi, ƙafafunsu duk ƙarangiya. Jikinsa kamar an ciro shi daga tanda, idonsa a buɗe amma bai san inda yake ba, ana kiran sunansa yana zagin mutane. Na tambaye su yaushe abin ya fara. Suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Wallahi majo, ba mu sani ba. Shi ne a baya. Sai da muka tsaya muka ga babu shi." Da suka koma, a gindin wata gawo suka tarar da shi. Ranar ce fitarsa ta biyu tare da su. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma sai da ƙodarsa ta ba mu tsoro.

Abin da ya kayar da yaron nan kunya ce. Ya gaji tun da nisa, kansa na sarawa, amma wa zai ce "ku dakata" a gaban abokai a mayar da shi abin dariyar fada har sati? Ga shi bugun zafi yana da wata mugunta: ƙwaƙwalwa yake fara taɓawa. Idan zafin cikin jiki ya haura maki 40, mutum ba ya iya gane halin da yake ciki, sai ya ce lafiyarsa ƙalau alhali yana tangaɗi. Kenan na kusa da shi ne kawai zai iya ganewa. Idan babu kowa kusa da shi fa?

Don haka kafin ku tashi, ku ƙirga kanku, kuma ku ware mutum ɗaya mai ƙarfi, ba raggon cikinku ba, ya zama shi ne ƙarshe. Kada ya wuce kowa, ko da tafiya za a koma yi. Duk inda hanya ta rabu, na gaba su tsaya sai an cika. Sabon shiga kuma kada ku gwada shi da nisan da kuka yi wata uku kuna sabawa da shi. Jiki na bukatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi, kuma gudu a rairayi mai laushi ya fi na kwalta cin ƙarfi nesa ba kusa ba.

Idan kuka ga ɗayanku yana magana ba kan gado, ko yana layi kamar mashayi, ko ya hau faɗa ba dalili, kada ku tsaya jiran gumi ya ɗauke, don mai gudu yana iya kasancewa jiƙe sharkaf kuma zafi ya riga ya buge shi. Ku kai shi inuwa, ku tuɓe masa riga, ku kwarara masa ruwa tun daga kai har ƙafa kuna fifita. Ga garake nan bakin gulbi, ku roƙi ruwan rijiya, ba mai hana ku. Sanyayawar nan ita ce maganin farko, a fara ta nan take, a ci gaba da ita har a isa likita. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki, sai ya shaƙe. Mai hankalinsa kuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce maki 40, ku fita bayan sallar asuba ku dawo kafin hantsi. Kowa da gorarsa. Wanda ya kwana da zazzaɓi ko gudawa ya zauna gida, mai amosanin jini ko ciwon zuciya kuma ya fara zuwa mu duba shi.

Sauran abubuwan kun fi ni saninsu. Silifa ba takalmin gudu ba ne, tsidau da ƙayar aduwa ba su san ta ba. Targaɗen da mutum ya kasa taka ƙafa ko taku huɗu, a kawo a duba kafin a kai wa mai ɗori. Saran maciji, musamman kububuwa da ke kwanciya cikin ciyawa kalar ƙasa: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da igiya tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti. Da damina kuma ku bar cikin gulbi. Ruwansa daga wajen Katsina yake tasowa, yana iya isowa ko ɗigo bai sauka a Maraɗi ba. Kudu da Madarunfa, ta wajen iyaka, kun san halin tsaro, ba wurin neman sabuwar hanya ba ne.

A cikinku a samu aƙalla salula biyu masu caji, kuma wani a gida ya san inda kuka nufa da lokacin da za ku dawo. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar 18 ce. Amma a cikin rairayin gulbi mota ba ta shiga ko'ina, shi ya sa yana da kyau ku riƙe lambar wani ɗan kabu-kabu mai babur na unguwarku wanda ya san hanyoyin garake.