Ladabi ma darasi ne: tambayoyi da amsoshi kan tarbiyyar yaran firamare

Tun da aka sake buɗe makarantu a nan Gadarif, gabashin Sudan, babu taron iyayen da za a tashi ba a kawo kukan yara ba. Wannan ya ce ɗansa ya zama mafaɗaci, waccan ta ce 'yarta ta daina magana, mu malamai kuma muna ta cewa aji ya gagare mu. Ni malamar 'yan aji biyu ce. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, a bakin ƙofar makaranta da wurin biki da gidan gaisuwa, zan amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani da idona.

Yaran ne suka lalace, ko mu ne muka kasa?

Ba su lalace ba. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, makarantu suka rufe. A watan Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Azuzuwanmu da yawa sun zama masaukin waɗanda suka gudo daga Wad Madani a ƙarshen 2023, sannan daga Sinja da kewayenta a tsakiyar 2024. Yaron da ya kamata ya shiga aji ɗaya yana da shekara shida, sai ga shi ya zo yana ɗan takwas bai taɓa zama a benci ba. Layin da ya sani shi ne na ɗibar ruwa, inda mai ƙarfi ke riga kowa.

Wata rana iska ta bugo ƙofar ajinmu ta ƙarfe. Kafin in juyo daga allo, yara uku sun shige ƙarƙashin benci, ɗaya tana toshe kunnuwa. Sauran suka fashe da dariya. Wanda bai san labarinsu ba zai ce iskanci ne. Yaron da ya kwana yana jin harbi, jikinsa yakan riga tunaninsa motsawa, haka ma hannunsa yakan riga bakinsa idan an taɓa shi.

Ai a gida ake koyon ladabi. Ina ruwan makaranta?

Gida ne tushe, ba musu. A gida yaro ke koyon gaisuwa da kunya da karɓar abu da hannun dama. Amma akwai abin da babu gidan da zai iya koyarwa, domin babu gidan da ke da yara saba'in sa'annin juna a ɗaki guda da babba ɗaya tak. Jiran sai an kira ka kafin ka yi magana, raba littafi ɗaya tsakanin mutum huɗu, aiki da wanda ba ɗan unguwarku ba, faɗuwa a gasa ba tare da kai naushi ba: a aji ake fara cin karo da waɗannan.

Kuma ba ɓata lokacin karatu ba ne. A 2011 wasu masu bincike a Amurka sun haɗa sakamakon shirye-shirye 213 na koyar da zamantakewa da kame kai a makarantu, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000. Halin yaran ya gyaru, karatunsu ma ya ɗaga: idan aka jera ɗalibai ɗari, wanda ke tsakiya ya haura gurbi kusan 11.

To yaya ake koyar da shi? Wa'azi za a riƙa yi musu?

Wa'azi a tabur na safe, wato jeruwar ɗalibai kafin shiga aji, ba ya wuce ƙofar aji. Ladabi kamar alwala yake, ba a koyonta da baki kaɗai. Sai an nuna, yaro ya gwada, an gyara masa, ya sake.

Ku dubi hadisin Umar bin Abi Salama. Yana yaro a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hannunsa yana yawo a cikin akushi. Sai Annabi ya ce masa: ya kai yaro, ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. Umar ya ce haka cin abincinsa ya kasance daga ranar. A lura da kyau. Bai ce masa marar tarbiyya ba, bai kore shi daga akushin ba. Umarni uku gajeru, duka suna faɗin abin da za a yi, kuma a daidai lokacin da abin ke faruwa. Ni kam duk littafin koyar da malamai da na karanta ban ga wanda ya wuce wannan ba.

Ga yadda na yi da randar ruwanmu. Kullum lokacin fatur, wato hutun karin kumallo, sai an yi kokawa a kanta, moɗa ɗaya, hannuwa ashirin. Na gaji da tsawa. Wata Lahadi na ajiye darasin lissafi, na fitar da su duka. Na tsaya a bayan wata yarinya kamar ni ma ɗaliba ce, na jira ta sha, ta miƙo mini moɗa, na ce na gode, na sha, na ɗauraye, na miƙa wa na bayana. Sannan na sa yara biyar suka yi. Na kuma sa wani ya nuna yadda bai kamata a yi ba, ya ture kowa, aka yi ta dariya, na tambaye su me ya ɓata. Su da bakinsu suka faɗa. Muka maimaita kwana biyar a jere. Minti goma kullum ya ci, amma ya dawo mini da rabin sa'ar da nake ɓatawa wajen raba faɗa.

Haka ake yi wa komai: shiga aji, neman izinin fita, aron alƙalami, ba da haƙuri. Dokokin aji kada su wuce huɗu ko biyar, kuma a faɗe su da abin da ake so. "Muna tafiya a hankali a cikin aji" ya fi "ban da gudu", domin yaro ƙarami idan ka hana shi abu ba ka ba shi madadinsa ba, tsaye kawai ka bar shi. Makonni biyun farko na shekara su ne lokacin wannan aiki, a sake tunatarwa bayan kowane hutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ma a hankali yake bi don kada ya karye.

Yawan yabo ba zai sa su girman kai ba?

Yabon da ke kumbura kai shi ne "kai gwani ne, ka fi kowa". Wanda ke gina hali yana faɗin aikin: "Na ga ka jira har ta gama magana, madalla." Yaron ya san abin da zai maimaita, na kusa da shi ma ya ji. Mu Hausawa muna da kawaici wajen yabon namu, har uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Amma a aji, idan mai ɓarna kaɗai ake kiran sunansa, yara za su gane cewa ɓarna ce hanyar samun idon malama.

Mu da bulala aka raine mu, ga shi mun zama mutane. Me ya sa yanzu ake hanawa?

Wannan tambayar na fi jinta daga bakin dattawa, kuma ba na raina ta. Uba yakan kawo ɗansa halwa, wato makarantar allo, ko makarantar boko ya ce da malam, "Naman naka ne, ƙashin namu." Ƙauna ce ta sa shi faɗin haka, yana tsoron ɗansa ya tashi a banza.

Sai dai ba Turawa ne suka fara sukar duka ba. Malamin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi guda a littafinsa Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su: tana kashe musu kuzari, tana koya musu ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansu. Anas bin Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma, ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Masu kawo hadisin umartar yara da salla suna da shekara bakwai da dukansu a kanta suna da goma, su lissafa tazarar da ke tsakani: shekara uku cur ana koyarwa, sau biyar a yini. Mu kuwa muna faɗa sau ɗaya mu ɗauko tsumagiya. Dokar Yara ta Sudan ta 2010 ma ta hana azabtar da ɗalibai da ci musu mutunci a makaranta.

Ni ma na yi duka, ba zan ɓoye ba. A shekarata ta farko na zane wani yaro saboda kullum yana makara. Daga baya na ji cewa shi ke kai wa mahaifiyarsa gawayi da kujeru wurin sayar da shayi kafin ya taho. Bai daina makara ba, daina zuwa ya yi. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Bulala tana kawo shiru nan take, shi ya sa muke sonta, amma da malam ya ba da baya shirun ya tafi.

Kuma ana iya bari. A gundumar Luwero ta Yuganda an gwada wani shiri na ƙungiyar Raising Voices a makarantun firamare 42, rabi sun bi shirin, rabi ba su bi ba. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna dukan da malamai ke yi ya ragu da kusan kashi 42 cikin ɗari a makarantun da suka bi shi. Azuzuwansu cunkushe suke kamar namu.

Idan ba duka, sai a zuba musu ido ke nan?

A'a. Hukunci yana nan, amma ya dace da laifin. Wanda ya zubar da shara ya share. Wanda ya yaga littafin wani ya liƙe shi, ya ba shi aron nasa. Wanda ya fusata har yana huci ya koma gefe ya sha ruwa, in ya huce a yi magana, kuma a keɓe, ba a gaban aji ba. Idan biyu suka yi faɗa, kowa ya faɗi nasa ɗayan yana saurare, sannan in tambaye su me za a yi don a gyara. Sau da yawa abin da suke yanke wa kansu ya fi nawa tsanani. Abin da ba na yi shi ne hana yaro fatur ko hukunta aji duka saboda mutum ɗaya.

Duk wannan zai yiwu a aji mai yara saba'in?

Da wuya, amma akwai dabara. A 1969 wasu masu bincike a jihar Kansas ta Amurka sun gwada wani wasa a kan 'yan aji huɗu: a raba yara rukuni-rukuni, a faɗi dokoki, duk rukunin da ɗansu ya karya doka a ja musu layi a allo. Duk rukunin da bai wuce adadin da aka yanke ba ya ci, ko da dukkansu ne. A tsakiyar shekarun 1980 aka gwada shi a kan 'yan aji ɗaya da biyu a birnin Baltimore, aka bi sawun yaran har suka kai kusan shekara ashirin. Maza mafaɗatan da suka yi wasan sun fi takwarorinsu kuɓuta daga shaye-shaye da aikata laifi.

Ba ya buƙatar kuɗi, alli kawai. Nakan fara da minti goma. Ladan waɗanda suka ci shi ne su riga fita fatur ko su zaɓi tatsuniyar ranar Alhamis. A kula kada rukuni ya tsangwami yaro ɗaya da ke jawo musu layi. Irin wannan nakan ba shi aiki, ya riƙe allin ko ya raba littattafai.

A nan ne nake da ja da yadda muke amfani da alfa, wato shugaban aji. Mun ɗauki yaro ɗaya mun ba shi takarda yana rubuta sunayen masu surutu, wani lokaci har da sanda. Me ya koya ban da cin zali da karɓar cin hancin alewa? Gara muƙamin ya riƙa zagayawa duk mako, aikinsa kuma ya zama taimako.

Ɗana ba ya kallon ustaz idan yana masa magana, an ce taurin kai ne. Haka ne?

Ba haka ba ne, baba. A gidan Bahaushe, sunkuyar da kai gaban babba shi ne ladabi, ƙura masa ido kuwa rashin kunya. Malamin da bai san mu ba zai iya fassara shi a baibai. Haka yaron da ya tashi da Hausa a gida, Larabcin littafi yakan yi masa nauyi a shekarar farko, ya yi shiru don bai gane umarnin ba. Ku je ku yi wa malamin bayani cikin mutunci. Ku kuma gaya wa yaron cewa a aji ya halatta ya ɗaga kai ya ce bai gane ba.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo, wato gorin asali. Kakanninmu sun zauna a ƙasar nan tun kafin a kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu a farkon ƙarni na ashirin, amma har yau akan sami yaron da zai jefi ɗan'uwansa da kalmar ƙabila, kuma ba mu manta rikicin ƙabilancin da ya faru a Damazin a Yulin 2022 ba. Namu yaran ma suna yi wa wasu. A ajina wannan ne laifin da nake tsayar da darasi dominsa nan take. Kuma ni ke tsara wurin zama, ina cakuɗa su, ina sauyawa duk wata.

Mu iyaye me za mu yi?

Ku tambayi malami dokokin ajinsa, ku riƙa amfani da kalmomin a gida. Ku gaya masa abin da yaron ya gani a hanyar gudun hijira, ko wanda ya rasa, ba sai kun yi dogon bayani ba. Ku daina ce wa yaro "in an doke ka ka rama", domin gobe shi za a kira ku a kansa. Ku tabbata ya yi barci, ya sa wani abu a ciki kafin ya fito.

Idan ya dawo, maimakon "bulala nawa ka sha yau?", a tambaye shi wa ya taimaka wa, wa kuma ya taimake shi. Wata uwa ta gwada haka mako guda. Ta zo ta same ni a bakin ƙofa tana dariya, ta ce ɗanta ya hana ƙannensa wawason tuwo, ya jera su layi a gaban tukunya, shi ya tsaya a ƙarshe.