Yaro mai ciwon zuciya ba a bar masa ruɓaɓɓen haƙori

Iyaye, don Allah ku saurare ni. Yaran da ake kawo mana asibiti masu rami a zuciya, da waɗanda ciwon maƙogwaro ya taɓa musu zuciya, da yawansu in na ce su buɗe baki sai in tarar turame sun yi kogo, dasashi ya kumbura yana jini. Ina yin magana sai uwa ta ce, "Ai na madara ne, zai yi famfara."

Wace famfara? Turamen ciki ba sa fita sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Ɗan shekara huɗu zai zauna da ruɓa a baki har tsawon wannan lokaci? Ƙwayoyin cutar da ke kogon nan suna bin jini, su je su maƙale daidai inda zuciyar take da rauni. Daga nan sai zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya, sai rama, sai kwanciya a asibiti ana allura ta jijiya mako 4 zuwa 6. Wanda ake shirin yi wa aikin zuciya ma, ana iya ɗage aikin saboda haƙori.

Na san kun gaji. Kuɗin hoton zuciya, kuɗin magani, zirga-zirga, ga tausayi da ke sa a riƙa ba shi alewa don ya yi shiru. Allah ya saka muku. Amma wallahi raina yana ɓaci in ga uwa ba ta taɓa tsallake ranar ganin likitan zuciya ba, haƙori kuwa an bar wa famfara. In ciwo ya tsananta kuma a ruga kemis, ko wajen mai cire haƙori a bakin kasuwa. Haba! Yaron da wataƙila yana shan maganin tsinka jini, wanda ke hana jini tsayawa da wuri?

Akwai sashen haƙori a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai a Asibitin Murtala da ke Kano. Ku kai shi duk wata shida, ko ba ya kuka. Ku tafi da katinsa da magungunansa, ku fara da cewa yana da ciwon zuciya, domin wasu sai an ba su magani kafin a taɓa haƙorin. Buroshi da makilin safe da dare, ke za ki goge wa ƙarami da hannunki. Bayan maganin ruwa mai zaƙi, a kuskure baki. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ku dawo mana kafin ku sayi komai a kemis.