Gwajin Zuma a Ɗakin Gwaje-gwajen Kemistiri na Makaranta

Gwajin zuma yana daga cikin aikace-aikacen da ake ba ɗaliban kemistiri a manyan azuzuwan sakandare, inda ake so su gano irin sukarin da ke cikin zuma da kuma ɗan ma'adinan da take ɗauke da su kamar potasiyam da kalsiyam da ƙarfe. Malamai na son aikin don kayansa ba su da wuyar samu kuma kala na canjawa a gaban idon ɗalibi, shuɗi ya koma ja cikin 'yan mintuna. Sai dai ɓangarorin biyu ba ɗaya suke ba wajen sauƙi, na sukari kusan ba ya ƙin fitowa, na ma'adinai kuwa sau da yawa sai an sha wahala.

Abin da ke cikin zuma

Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin zuma sukari ne, ruwa kuma wajen kashi 17 zuwa 18. A cikin sukarin furuktos ne ya fi yawa, kimanin kashi 38, sai gulukos kimanin 31, sauran kuma maltos ne da ɗan sukuros da wasu ƙananan iri. Sukuros ɗin nan shi ne sukarin rake, kuma akwai shi a ruwan fure, amma ƙudan zuma suna zuba masa wani sinadari daga jikinsu mai suna inbatas wanda ke raba shi gida biyu, gulukos da furuktos, shi ya sa zumar da ta nuna ba ta da sukuros sosai. Zuma tana da ɗan asid, ma'aunin pH ɗinta, wato ma'aunin tsami, yakan tsaya wajen 3.9, zaƙi ne kawai ke rufe tsamin. Ma'adinai gaba ɗayansu a yawancin zumar fure ba sa kai rabin kashi ɗaya cikin 100.

Tarihin gwaje-gwajen sukari

Mafi yawan ruwan gwajin da ɗalibi ke ɗigawa kan zuma yau ba don zuma aka ƙirƙire su ba, likitoci ne ke neman hanyar gane sukari a fitsarin masu ciwon suga. A 1841 wani Bajamushe mai suna Karl Trommer ya nuna cewa idan aka dafa gulukos da gishirin jan ƙarfe a cikin ruwa mai alkali, shuɗin yakan ɓace wani jan gari ya kwanta a ƙasa. Hermann von Fehling, malamin kemistiri a Stuttgart, shi ya gyara hanyar har ta zama ana iya auna yawan sukarin da ita, wasu littattafai na sa wannan a 1848 wasu kuma 1849. Ruwan Fehling kwalba biyu ne, ta farko gishirin jan ƙarfe mai salfet ce shuɗiya, ta biyu kuma gishirin Rochelle ne da soda mai ƙuna, ba a haɗa su sai lokacin aiki don haɗin ba ya daɗewa yake lalacewa.

Wannan matsala ta kwalba biyu ita ce Stanley Benedict, ɗan Amurka, ya magance a wajen 1908 ko 1909, ya cire soda mai ƙuna ya sa sodiyam kabonet da sitiret, sai ruwan ya zama kwalba ɗaya da za a iya ajiyewa tsawon lokaci kuma bai kai na Fehling cin fata ba, wannan ne ma dalilin da makarantu da yawa suka fi rungumarsa. Asibitoci sun yi shekaru da dama suna gwada fitsari da shi kafin zuwan 'yan takardun gwaji da ake tsomawa.

A tsakanin waɗannan biyun akwai wasu da sunansu ya zauna a littattafan makaranta. Christen Barfoed ɗan Denmark ya fito da nasa a 1873, mai raba sukari mai ƙwaya ɗaya irin su gulukos da mai ƙwaya biyu irin su maltos ta saurin da jan garin ke fitowa. Bernhard Tollens ya kawo gwajin madubin azurfa a farkon shekarun 1880. Hans Molisch, wanda shi asalinsa masanin tsirrai ne daga Ostiriya, ya fitar da gwajin zoben shunayya a 1886, shekara guda bayan nan kuma, 1887, Theodor Seliwanoff ya kawo gwajin da ke nuna furuktos. Shi kansa furuktos ɗin Bafaranshe Augustin-Pierre Dubrunfaut ne ya gano shi a 1847, wato kusan lokaci ɗaya da aikin Fehling. A 1923 Lane da Eynon a Ingila suka ƙara wani shuɗin rini a hanyar Fehling don a ga daidai inda aikin ya ƙare, kuma hanyar tasu ta daɗe tana cikin ƙa'idojin auna sukarin zuma.

Yadda ake gwajin sukari

Ana narkar da ɗan zuma a tataccen ruwa, a zuba a kwalbar gwaji, a ƙara ruwan Benedict ko na Fehling sannan a tsoma kwalbar cikin ruwan zafi na wasu mintuna. Kalar takan tashi daga shuɗi zuwa kore, ruwan ɗorawa, ruwan goro, ta ƙare a ja irin na jan bulo. Abin da ya faru shi ne sukarin ya ba jan ƙarfen da ke cikin ruwan lantarki ƙwaya ɗaya, sai jan ƙarfen ya koma wani jan gari da ba ya narkewa. A ƙa'ida furuktos bai kamata ya yi wannan aikin ba don gininsa daban ne da na gulukos, amma alkalin da ke cikin ruwan gwajin yana juya shi ya koma gulukos da wani sukari mai suna mannos, to sai shi ma ya ba da ja, kenan wannan gwajin ba ya raba su. Mai raba su shi ne na Seliwanoff, inda furuktos ke ba da ja mai duhu nan da nan, gulukos kuma sai an jima kuma kalar ba ta da ƙarfi.

Sukuros shi kaɗai ba ya canja ruwan Benedict sai an tafasa shi da ɗan asid ya rabu. A zuma wannan dabarar ba ta nuna komai da ido tunda dama can gwajin ja ne, sai dai a auna yawan sukarin kafin tafasawa da bayanta a ɗebe.

Ruwan Tollens ana haɗa shi ne a take a kuma zubar da ragowar a take, idan ya kwana yana iya zama abu mai fashewa.

Gwajin ma'adinai

Nan ne aikin ke da wuya. Littattafan makaranta da yawa na cewa a ɗiga sinadari kai tsaye a ruwan zuma, amma ma'adinan sun yi kaɗan ainun kuma kalar zumar na ɓoye sakamakon, don haka ɗalibi yakan rubuta "babu" alhali akwai. Hanyar da ta fi ita ce a ƙona zumar a kaskon tangaran, a hankali da farko don tana kumfa tana tumbatsa, sannan a murhu mai zafin digiri 550 zuwa 600 har ta zama farar toka, a narkar da tokar a ɗan asid a tace.

Daga nan sai gwaji ɗaya-ɗaya. Potasiyam, wanda shi ya fi yawa a tokar zuma, yana ba harshen wuta kalar shunayya mai haske, amma ruwan ɗorawar sodiyam na danne ta sai an leƙa ta shuɗin gilashin kobal, kuma wannan duba kalar wuta tana da alaƙa da aikin masana kimiyya Bunsen da Kirchhoff a Heidelberg ta Jamus wajen 1859 zuwa 1860. Kalsiyam farin gari yake bayarwa da amoniyam okzalet. Ƙarfe na ba da ja kamar jini da potasiyam tayosayanet, fosfet kuma ruwan ɗorawa da amoniyam molibdet. Baƙar zuma gabaɗaya ta fi fara ma'adinai, shi ya sa gwajin ya fi fitowa da ita.

Manyan ɗakunan gwaji yanzu sun fi auna yadda lantarki ke ratsa ruwan zuma maimakon ƙona ta.

Ƙa'idar duniya da batun jabu

Ƙa'idar Codex Alimentarius, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, kan zuma, wadda aka fara fitarwa a 1981 aka kuma sabunta a 1987 da 2001, ta ce ruwa kada ya wuce kashi 20, gulukos da furuktos a haɗe kada su gaza giram 60 a cikin giram 100, sukuros kuma kada ya haura giram 5, ban da wasu nau'ukan zuma da aka yi wa sassauci. Ɗalibai kan ɗauka jan da Benedict ya ba su shaida ce ta zuma mai kyau, alhali sukarin rake da aka dafa da asid shi ma ja zai bayar haka nan. Abin da makaranta za ta iya kamawa shi ne sitaci, da ɗigon aidin da ke komawa shuɗi mai duhu, sai kuma gwajin Fiehe na 1908 da ke nuna sinadarin HMF, wanda ke yawaita a dafaffen sukari, duk da cewa zumar gaskiya da ta sha zafi ko ta daɗe a ajiye ita ma tana tara shi, Codex ma ta ba zumar ƙasashe masu zafi damar kai miligiram 80 a kilo maimakon 40. Gano ruwan sukarin masara ko na rake da aka cakuɗa da gwaninta sai da na'urar auna nau'in kabon, hanyar da Jonathan White da Landis Doner suka kafa a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Gwajin ashana da na ɗiga zuma a ruwa, waɗanda mutane da yawa suka yarda da su, masana kemistiri ba sa ɗaukar su hujja.