Lambun bayan ɗaki: a gyara ƙasa, a san lokacin shuka

'Yan uwa na Mai Wurno, Sinnar, Wad Madani da Gadarif a Sudan, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kowa ya shaida yadda kayan miya suka yi tsada. Fili mai tsawon mita uku da faɗin mita ɗaya a bayan ɗaki ya isa ya rage wa uwargida cefanen ganye. Mafi yawan lambunan da ke mutuwa kuwa, ƙasa ce ko rashin dacewar lokaci ke kashe su.

Ƙasarmu ta nan baƙar laka ce: da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe. Ku tona zurfin santimita 30, ku farfasa hoge, ku cakuɗa bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki a kowace murabba'in mita, sannan ku ɗaga fangalin ya fi tsakar gida tudu da kamar santimita 20 don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kada faɗinsa ya wuce mita ɗaya, domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. Laka in an tattake ta, tauri take yi kamar daɓe.

Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona tsiro, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. A tara shi, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa duk mako biyu. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warin ya tafi.

Kuɓewa da lalo, wanda maƙwabtanmu ke kira hudra, zafi suke so, don haka damina tasu ce. A jiƙa irin kuɓewa ya kwana, a sa ƙwaya biyu a rami, tazarar santimita 30, in sun tsiro a bar mai ƙarfin. Cikin kwana 50 zuwa 60 za ta fara 'ya'ya, kuma a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, domin in aka bari suka ƙosa uwar tana rage haihuwa. Irin lalo ƙanana ne, a gauraya da yashi kafin a watsa. In ya kai kamar mako shida a yanka a bar gindinsa, zai sake tohowa.

Tumatir ne ya fi ba mutane takaici, kuma laifin na lokaci ne. In zafi ya haura digiri 35 furensa zubewa yake yi. A yi renon iri a Oktoba, a dasa bayan mako huɗu zuwa biyar, da yamma, tazarar santimita 50, ya yi fure cikin sanyi. In kun ga sabon ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, tsiron ya tsumbure, cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ce. Ba ta da magani, a tuge a binne nesa. Rigakafi shi ne a lulluɓe wurin reno da tsohon gidan sauro, a kuma daka rabin kilo na ƙwayar dogon yaro, a jiƙa a lita 10 ta kwana, a tace, a fesa ƙarƙashin ganye da yamma duk mako. Gindin 'ya'yan tumatir da ke yin baƙi kuwa, laifin ban ruwa ne na yau ambaliya gobe ƙishi. Jirjir, ganyen salak ɗin nan, da albasa su ma na sanyi ne.

Kafin ban ruwa a tura yatsa cikin ƙasa: in da danshi, a bari sai gobe. A rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa. Don Allah kada a tura yara su shiga magudanar ruwan gona su ɗebo, nan ake kwasar tsargiya.

Jirjir ɗanye ake ci, don haka a wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce ko aka sa wa kulorin, musamman lokacin da kwalara ke yawo. Lalo kuma a rage masa kanwa, kada ya daɗe a wuta, don amfaninsa ya kai ga yara da masu ciki. Rarar kuɓewa a yayyanka, a shanya a inuwa mai iska, in ta bushe ƙayau a daka ta zama gari, wato weka, a rufe a kwalba, a bar ƙwanso uku ko huɗu su ƙosa a jikin uwar don irin baɗi.